Kundin Gyaran Mariƙin Katako a Kan Injin Sassaƙa, Jos

Litinin, 1 ga Disamba, 2025

Aikin da ke hannunmu a shago shi ne fallayen katakon madaci guda 16 waɗanda za a jera a cikin firam ɗin ƙofar zauren wani gida. Kowane falle tsawonsa milimita 600, faɗinsa 300, kaurinsa 30, kuma zanen da mai gidan ya zaɓa shi ne dagi mai huda, wanda igiyoyinsa ke hawa kan juna suna kuma shigewa ƙarƙashin juna, ta yadda mai shigowa da mai fita duk za su ga saƙar a cike. Saboda haka dole ne a sassaƙa fuska ɗaya har zuwa rabin kaurin, a kife fallen, a sassaƙa ɗaya fuskar, ramukan biyu su haɗu a tsakiya ba tare da an gane inda suka haɗu ba.

Injin da muke aiki da shi irin mai teburi milimita 1,300 a 2,500 ne, wanda kwamfuta ke sarrafa shi, yana da moto ɗaya a kowane gefen gadar da ke ɗauke da kan yankan. Mariƙin kuwa sanduna biyu ne na filawud da aka ɗaure a kan shimfiɗar MDF (allon da aka yi da matsattsen garin katako), ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, suka yi kusurwa, sai mamatsai huɗu da ke danne fallen ta sama. Ga aikin fuska ɗaya, kamar allon suna ko adon kan gado, wannan mariƙi bai taɓa ba mu matsala ba. A wannan aikin kuwa fallayen gwaji sun fito da gaɓa a jikin bangon kowane rami, daidai inda yankan gaba ya haɗu da na baya. A wani fallen gaɓar ba ta wuce milimita ɗaya ba, a wani kuma ta kusa kai uku, har farce yana maƙalewa a cikinta. Sanfefa ba za ta ɓoye wannan ba sai an ci rabin igiyar dagin, kuma katakon madaci ya yi tsadar da ba za a ci gaba da gwaji a kansa ba. Na dakatar da sassaƙar har sai an gano dalili.

Laraba, 3 ga Disamba, 2025

Abu na farko da ake zargi idan zane ya goce shi ne moto ya tsallake taku, domin irin waɗannan motoci suna tafiya ne bisa ƙidaya, kwamfuta kuma ba ta da hanyar sanin ko sun isa inda ta aike su. Na ɗaure agogon awo, mai allurar da ke nuna ɗan ƙaramin motsi, a kan teburi, bakinsa yana taɓa jikin kan yankan, na saita allurar a sifiri, sannan na sa injin ya gudanar da fayil ɗin dagin gaba ɗaya a sama ba tare da ya taɓa katako ba. Da ya dawo wurin farawa, allurar ba ta kauce da abin da ya wuce 0.05 na milimita ba, a layin X (na faɗi) da layin Y (na tsawo) duka. Na sake yi da yanka na gaske a kan guntun malaina, sakamakon bai sauya ba. Na duba haƙoran layin da giyar da ke hawa kansu, na kama kan yankan da hannu biyu na girgiza, babu wasa. Notin da ke riƙe bakin yanka ma a ɗaure yake tamau.

Injin dai yana komawa inda ya tashi. Abin da ke motsi katakon ne, ko kuma yadda muke ajiye shi.

Asabar, 6 ga Disamba, 2025

Na tsaya a gefe na kalli yadda yaron da ke koyon aiki a wurina yake ɗora falle, ban ce masa komai ba. Yana share teburi da buroshi, yana tura fallen cikin kusurwa, sai ya fara ɗaure mamatsin da ya fi kusa da hannunsa. Abubuwa biyu na gani. Na farko, buroshin yana tara garin katako ne a gindin sandar jingina maimakon ya fitar da shi, kuma garin madaci yana da laushi, yana dunƙulewa idan aka matsa shi. Da na zura wuƙa a kusurwar sai ga wani siririn ɓawo na gari ya fito, kaurinsa ya kusa rabin milimita. Na biyu, mamatsan ba su kwanta daidai ba. Tubalin da ke tallafe bayansu ya fi fallen gajarta, don haka yayin da ake ɗaure notin, bakin mamatsin yana zamewa yana jan fallen, yana raba shi da sandar da aka jingina shi a kai. Na sa takarda tsakanin fallen da sandar bayan an gama ɗaurewa, ta shige ba tare da ta lanƙwashe ba.

Gyaran waɗannan bai ɗauki lokaci ba. Na fere gindin sandunan ta ciki, na bar wani ɗan kwari mai milimita 3 inda gari zai faɗa ba tare da ya tokare katako ba. Na yanka sababbin tubala daidai kaurin fallen, na kuma ƙara weji biyu-biyu a gefen da ke fuskantar kowace sanda, domin a fara tura fallen jikin madogararsa kafin a danne shi ta sama. Ƙa'idar da masu ƙera mariƙi ke bi ita ce, abin da ke nuna wa katako mazauninsa daban, abin da ke riƙe shi daban, kuma duk wani matsi ya dosa wajen madogara.

Fallayen malaina da muka gwada da yamma sun nuna ci gaba, amma gaɓar ba ta tafi ba. Abin da ya sauya shi ne ta daina yawo: yanzu kullum a gefe ɗaya take, a layin faɗi, kuma a layin tsawo kusan babu ita.

Talata, 9 ga Disamba, 2025

Yau ne aka samu bakin zaren, kuma tsohon kafintan da shagonsa ke kusa da namu ne ya nuna hanya. Ya shigo aron zarto, ya ga fallayen a jingine, sai ya ɗauki ɗaya ya jinjina shi, ya kara shi a kumatunsa. Ya ce, "Ɗana, yaushe aka tsaga katakon nan?" Na ce, "Baba, daga Kasuwar Katako na ɗauko shi a ƙarshen watan jiya, an ce mini ya bushe." Ya ce, "Bayansa ne ya bushe. Ka ji sanyin da yake yi? Cikinsa da sauran ruwa, kuma iskar nan ba za ta bar shi ya zauna yadda ka yanka shi ba."

Bayan ya fita na auna faɗin fallayen ɗaya bayan ɗaya. Duka an fere su ne a kan milimita 300 cif. Waɗanda ke saman tari da waɗanda ke jingine kusa da ƙofa sun koma 297.5 zuwa 298, na tsakiyar tari kuwa suna kan 299 da ɗoriya. Tsawonsu bai ragu da abin da tef zai iya nunawa ba. Na'urar auna danshi ta ba ni kashi 10 cikin ɗari a fatar katakon, amma da na tsaga wani guntu na soka ta a tsakiya sai ta nuna 16.

Wannan ɗabi'ar itace ce sananniya. Idan danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, yana fara tsukewa, kuma tsukewar a faɗi take faruwa. A tsawon jijiya kuwa, daga ɗanye har ƙeƙasasshe, abin da yake raguwa bai fi kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari ba. A madaci da ire-irensa, duk kashi ɗaya na danshi da ya fita yana rage faɗi da kusan kashi 0.2 cikin ɗari idan an tsaga falankin a kwance da zobban itacen. Falle mai faɗin 300 da ya zubar da kashi huɗu na danshinsa zai rasa fiye da milimita biyu ke nan, kuma abin da tef ɗina ya nuna ke nan. Hunturun Jos yana yin wannan aiki cikin 'yan kwanaki, musamman ga katakon da ya fito daga inda iska ke da laima.

Da wannan lissafin gaɓar ta bayyana sarai. Fayil ɗin yana ɗaukar tsakiyar zanen a milimita 150 daga sandar jingina. A fuska ta farko injin yana auna 150 daga gefen hagu na fallen. Idan aka kife, gefen dama ne ke jingine, kuma idan faɗin ya koma 298, tsakiyar zanen da aka riga aka sassaƙa tana kan 148 daga sandar, alhali injin yana yanka a kan 150. Duk abin da fallen ya rasa na faɗi, shi ne girman gaɓar, ba ragi. Na jera fallayen gwajin na farko na auna faɗinsu da gaɓarsu, lambobin suka bi juna. Mariƙi mai kusurwa ya dogara ne da gefuna biyu daban-daban na abin da girmansa ke sauyawa kullum, saboda haka duk tsabtar da za a yi masa ba zai iya wannan aiki ba.

Alhamis, 11 ga Disamba, 2025

Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in koma teburin da ke zuƙe katako da iska. Na yi nazari na ajiye shawarar. Abin da ke danne katako a irin wannan teburi nauyin iskar sama ne, wanda a bakin teku ya kai kilofaskal 101 a ma'aunin matsin iska, a Jos kuwa, da ke tudu mai tsayin kusan mita 1,200, bai fi 88 ba, don haka tun kafin a fara an yi asarar wani kaso na riƙon. Wannan ma ƙarami ne a kan babbar matsalar, wato zanenmu mai huda ne, da zarar ramuka sun buɗe a fuska ta biyu iska za ta shige riƙon ya saki. Famfon kuma yana cin wutar da janaretonmu ba zai ɗauka tare da injin ba. Sannan ko ya riƙe, bai amsa tambayar inda tsakiyar fallen take ba.

Shawarar da na yanke ita ce fegi biyu a kan layin tsakiya, wato 'yan turakun ƙarfe da fallen zai zauna a kansu. Hakan yana bukatar rarar katako a kowane kai, fallayen da aka riga aka yanka kuwa rararsu milimita 10 ce kawai. Sauran falankan za a yanka su a kan 670, waɗanda aka yanka kuma za a manna musu kunnuwa da gam. Na kai sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 wurin mai injin fere ƙarfe a Dilimi, ya yanka mini fegi masu tsawon 30, ya kuma kashe musu kaifin baki. Duk katakon mun sake jera shi a cikin ɗaki, nesa da ƙofa, da 'yan sanduna a tsakanin kowane falle domin iska ta ratsa fuskokin biyu daidai.

Litinin, 15 ga Disamba, 2025

Sabon mariƙin ya kammala. Ramin fegi a jikin MDF yana buɗewa bayan an cire an mayar sau da yawa, don haka na sa injin ya haƙa gurbi biyu a shimfiɗar, na manna guntayen iroko a ciki, na share samansu suka yi daidai da teburi, sannan injin da kansa ya huda ramukan a cikinsu, tazarar milimita 640 a tsakaninsu, dukansu a kan lamba ɗaya ta layin X. Muhimmin abu shi ne kada a huda su da hannu ko a auna su da tef. Hannun da zai yi sassaƙar shi ya kamata ya huda, domin ramin da zanen su fito daga lissafi ɗaya.

Girman ramin sai da aka gwada. Da bakin yanka mai milimita 6 da ke sauka yana kewayawa, na huda 7.9 da 8.0 da 8.1 a guntun madaci. Fegin ya ƙi shiga na farko, na biyu sai da guduma, na uku kuwa ya shiga da matsin babban yatsa kuma bai yi wasa ba, shi muka ɗauka. A jikin fallen ramin kai ɗaya zagayayye ne, na ɗaya kan kuma na ja shi ya yi tsawo da milimita 2 a bin jijiya. Zagayayyen shi ke tsayar da fallen, dogon kuma aikinsa kawai ya hana shi juyawa, ta yadda idan tsawon ya motsa ko da ƙanƙani ne fallen ba zai ƙi zama ba.

Tsarin aikin yanzu haka yake. A fuska ta farko ana cire fegi, a jingina fallen da sanda kamar da, domin a nan kuskuren milimita ɗaya ko biyu ba ya cutarwa. Injin ya fara huda ramukan fegi a rarar, sannan ya yi sassaƙar. A fuska ta biyu ana kwance sandar gaba ɗaya, a kafa fegi, a kife fallen a kansu. Sifirin X yana kan layin fegin. Gefunan fallen ba su da sauran aiki a lissafi, kuma a ƙarshe injin ne zai yanke su daga tsakiya zuwa faɗin 290.

Laraba, 17 ga Disamba, 2025

Gwajin farko a kan fegi ya faranta mini rai. A tsakiyar zanen yatsa ba ya jin komai a bangon ramuka. Sai dai can wajen gefuna akwai wata 'yar gaɓa da ta rage, wajen rabin milimita, kuma wannan karon a layin tsawo take, a dama ta yi gaba, a hagu ta yi baya. Babbar gaɓar farko ce ta rufe ta a baya.

Irin wannan alama tana nuna cewa gadar ba ta tsaya daidai kusurwa da layin teburi ba. A aikin fuska ɗaya ba a lura da ita, amma idan aka kife falle karkatar tana juyawa ta ɗaya ɓangaren, sai kuskuren ya ninka. Na sa injin ya ɗiga ɗigo huɗu da baki mai tsini a kusurwoyin murabba'i mai milimita 800. Ya kamata tazarar kowace kusurwa zuwa kishiyarta ta zama 1,131.4, amma ɗaya ta ba ni kusan 1,130.5, ɗayar kuma 1,132.5. Bambancin milimita biyu a wannan girma yana nufin karkata ta kusan milimita 1.8 a kowace mita, wadda a gefen falle mai faɗin 300 za ta haifar da gaɓar rabin milimita bayan an kife. Lissafin da abin da yatsa ya ji sun dace.

Mun kashe injin, mun sassauta moton gefen dama daga haƙoran layinsa, mun matsa ƙafar gadar a hankali, muka mayar, muka sake ɗigawa, har bambancin ya sauko ƙasa da abin da rular ƙarfe ke iya rabewa. Na kafa tubalan tsayawa biyu a ƙarshen teburi, ɗaya a kowane gefe, domin kowace safiya a jingina gadar da su kafin a kunna motoci. Tunda gadar ta motsa, tsofaffin ramukan fegin sun tashi aiki. Na cike su na huda sababbi.

Asabar, 20 ga Disamba, 2025

Matsalar da ta rage ta zurfi ce. Wani falle da aka sassaƙa fuskarsa ɗaya da yammacin Alhamis aka bar shi ya kwana, da safe ya bankare, gefunansa sun ɗago ta wajen sassaƙar, domin yankan ya buɗe cikin katakon mai danshi ga iska, wannan fuskar ta bushe ta tsuke fiye da bayanta. Da aka kife shi a kan fegi aka danne gefuna, tsakiyarsa ta tsaya a sama. Yaron ne ya fara ji, ya ce, "Maigida, ƙarar ta sauya." Na ƙwanƙwasa tsakiyar fallen da yatsa sai ya amsa kamar ganga. Bakin da muke buɗe ramuka da shi irin mai fitar da gari sama ne, kuma irinsa yana jan katakon sama yayin da yake yanka, don haka duk inda babu zama sosai fallen yana rawa, bangon ramin ya fito da kaushi.

Daga yau falle ba zai kwana da fuska ɗaya ba. Idan ba za a gama duka biyun a yini ba, ba za a fara ba. Wanda ya zo da ɗan bankara tun asali ba za a danne shi da ƙarfi ya miƙe ba, domin zai koma yadda yake da zarar an sake shi. Ana cusa siraran weji a ƙarƙashin inda ya ɗago, a share samansa ya kwanta, a kife a share ɗayan. Na ƙara mamatsai biyu a tsakiyar dogayen gefuna, dukansu na katako, domin idan bakin yanka ya ci karo da su asarar ta tsaya a kan mamatsin, na kuma ɗaga tsayin da kan yankan ke tafiya a kai zuwa milimita 15 sama da notinsu.

Sifirin Z, wato na zurfi, ma na sauya yadda ake ɗaukarsa. A fuska ta farko ana ɗauka a saman fallen, a ta biyu kuma a saman teburi, domin fuskar da aka auna da farko ita ce yanzu ke kwance a kan teburin. Ta haka duk yankan biyu suna lissafi daga fuska guda, ko da kaurin wani fallen ya gaza 30. Na kuma sa kowane yanka ya zarce tsakiya da milimita ɗaya. Gudun aikin ya tsaya a juyi 18,000 a minti, da tafiyar milimita 3,600 a minti ga baki mai haƙori biyu, wato kowane haƙori yana ɗibar 0.1 na milimita, kuma ɓarɓashin da ke fitowa yana da jiki, ba ƙura ba ce.

Talata, 23 ga Disamba, 2025

An gama fallaye shida na madaci a kan sabon tsarin, kuma a cikinsu babu wanda gaɓarsa ta wuce abin da sanfefa mai lamba 120 ke sharewa a shafa kaɗan. Jiya an ɗauke wuta ana tsakiyar fuska ta biyu. Bayan an tayar da janareto mun jingina gadar da tubalanta, mun mayar da injin wurin farawarsa, mun kira lambobin G54, wato na sifirin aikin, da na rubuta da maka a jikin shimfiɗar, sannan na sauke baki mai tsini a kan ɗigon shaida da na bari kusa da fegin gaba, ya faɗa cikinsa daidai, aka ci gaba daga layin da aka tsaya.

Kunnuwan da aka manna wa gajerun fallaye sun riƙe, sai dai gam a kan bakin jijiya ba shi da ƙarfi, don haka na ƙara musu siririn filawud ta gefe kafin a ɗora su. Danshin cikin sauran fallayen ya sauko zuwa kashi 12, ina so ya matso kusa da na fatar kafin a yanke gefunansu na ƙarshe. Na kuma aika wa kafintan da ke haɗa firam ɗin cewa kada ya sa gam a kwarin da fallayen za su zauna, ya bar rarar milimita 3 a kowane gefe, domin katakon da aka yanka a tsakiyar hunturu zai kumbura idan damina ta kankama, kuma idan bai samu wurin buɗewa ba zai tsage firam ɗin ko ya tsage kansa. Ranar Asabar za a sake auna murabba'in milimita 800 kafin a ɗora falle na bakwai.